Ƙanena ya rantse ya daina caca, ga shi ya sake cin bashi: in biya masa ko in ƙyale shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙane ɗan shekara 26, yana da aikin albashi. Shekara biyu ke nan yana cacar ƙwallo a waya, yanzu kuma ya ƙara da wasan nan na jirgi. Sau biyu ina biya masa bashi, na biyun har da dafa Alƙur'ani ya yi cewa ya daina. Makon jiya masu manhajar bashi suka fara turo wa dangi saƙonni da hotonsa. Ya ce in taimaka masa karo na ƙarshe, in ya so ya riƙa saka naira 500 kawai ranar Asabar har ya yaye kansa. Da na yi masa faɗa sai ya ce da ya mutu da kowa ya huta. Mamanmu ta ce sammu ne. In biya ko in ƙyale shi? Kuma akwai asibitin da ake kai irin wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri kan wannan zumunci. Kada ki biya irin biyan da kika yi sau biyun baya, wato ki tura masa kuɗi a hannu, ya yi rantsuwa, a rufe magana. Kada kuma ki ƙyale shi. Amma kafin mu kai ga bashi, akwai abin da ya fi shi gaggawa a cikin wasiƙarki.

Maganar da ya yi ta mutuwa ba abin wucewa ba ce. Cikin masu jarabar caca, tunanin kashe kai ya fi yawa nesa ba kusa ba in aka kwatanta da sauran jama'a, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne irin wannan da kuke ciki: asiri ya tonu, masu bashi sun taso, kunya ta rufe mutum. Ki same shi yau, ku biyu kawai, ki tambaye shi kai tsaye: "Maganar da ka yi rannan, kana tunanin kashe kanka ne? Ka taɓa shirya yadda za ka yi?" Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, ko ya yi shiru yana kauce wa idonki, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyin magani daga inda hannunsa zai kai, a kai shi sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa a ranar. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, sai dai in akwai abin hawa a gida, tafiya asibitin ta fi jiran a ɗauki waya.

Sai batun ko sammu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar caca cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, a rukuni ɗaya da jarabar ƙwaya da giya. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun riga ta yin haka tun 2013, suka jera alamomi tara, suka ce wanda aka samu huɗu a tare da shi cikin wata goma sha biyu ya kamu. Daga abin da kika rubuto ana iya hango alamar huɗun: ya yi ƙoƙarin dainawa ya kasa, yana ɓoye gaskiyar abin da yake sakawa, yana komawa don ya fanshe asara, kuma yana jingina da wani ya fitar da shi daga ramin bashi. Likita ne zai tabbatar, amma ba a buƙatar wani boka ya bayyana abin da ke faruwa. Kada ki yi jayayya da Mama. Ta ci gaba da addu'a, babu abin da ya fi ta, ke kuma ki ce mata za a haɗa da asibiti. Abin da za ki hana kawai shi ne a kwashi kuɗi a kai wa mai karya sammu alhali ga bashi a ƙasa.

Abu ɗaya da ya kamata a bincika tun da wuri: shin yana shan wani magani na asibiti? Akwai magungunan da aka tabbatar suna iya tayar da jarabar caca ga mutumin da bai taɓa yi ba, kamar aripiprazole da ake bayarwa a wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, da pramipexole da ropinirole na ciwon karkarwa. In yana shan ɗaya daga ciki, kada ya daina da kansa, ya koma wurin likitan da ya rubuta masa a faɗa masa komai.

Yanzu ga lissafin da ya kamata ki fahimta sosai, domin shi ne zai ba ki amsar duk wata hujja da zai kawo. Mai caca ba ya ganin kansa a matsayin mai zubar da kuɗi. Gani yake ya san ƙwallo, sa'a ce kawai ba ta zo ba, kuma tikiti ɗaya zai share duk bashin.

Ɗauki wasan da ɓangarori biyu suke kunnen doki. Da adalci za a yi, wanda ya saka naira 1,000 ya ci sai a ba shi 2,000. Kamfani ba ya ba da haka, sai ya saka od 1.90 a kowane ɓangare, wato wanda ya saka 1,000 ya ci 1,900 za a ba shi. Mutum biyu suka saka dubu-dubu, ɗaya nan ɗaya can, kamfani ya karɓi 2,000 ya biya 1,900. Ko wa ya ci wasan, naira 100 ta zauna a aljihunsa, wato kashi 5 cikin 100. Wannan a wasa ɗaya ke nan. Matasanmu kuwa ba wasa ɗaya suke bugawa ba, jera wasanni suke yi a tikiti guda don naira 200 ta zama dubu ɗari biyar. A irin wannan tikiti rabon kamfani ƙaruwa yake yi da kowane wasa da aka ƙara. In wasa goma ne, kowanne da kashi 5 na kamfani, abin da yake dawowa ga masu sakawa in an daɗe ana yi bai wuce naira 60 a kowace 100 ba. In wasa ashirin ne, kusan naira 36. Garaɓasar da kamfanoni suke ƙarawa a kan dogon tikiti tana rage giɓin kaɗan, amma wannan ƙaruwar rabon nasu ce ta sa suke tallata dogon tikiti fiye da komai.

Ga kuma abin da ya fi riƙe mutum, wato "wasa ɗaya ne ya yanke min". Mu ƙaddara ƙanenki gwani ne har yana canka daidai sau 7 cikin 10 a kowane wasa. A tikitin wasa goma, damar duka su shigo kusan 1 cikin 35 ce. Damar tara su shigo ɗaya ya yanke kuwa kusan 1 cikin 8 ce. Ma'ana, zai ga "saura ƙiris" fiye da sau huɗu kafin ya ga ci sau ɗaya. Shi yana fassara hakan da cewa ya kusa, alhali tsarin tikitin ne ya gaji haka, kuma wanda wasa ɗaya ya yanke wa da wanda duka goma suka yanke wa asararsu ɗaya. Ƙwaƙwalwa ce ba ta ɗauke su ɗaya ba. Kusan-ci yana zaburar da ita kamar an ci, sai hannu ya koma waya.

Wasan jirgi, irin su Aviator, ya fi cacar ƙwallo saurin cinye mutum, kuma komawarsa can alama ce ta abin ya yi nisa. Masu wasan da kansu suna cewa kashi 97 cikin 100 suke mayarwa, sai mutum ya ji kamar kashi 3 ba komai ba ne. Kashi ukun ba a kan abin da ya zuba a asusu ake cirewa ba, a kan kowane zagaye ne, kuma zagaye ɗaya daƙiƙoƙi ne. Wanda ya saka naira 1,000 sau ɗari a zama ɗaya ya juya naira 100,000, abin da lissafi ya ce zai rasa 3,000 ne a wannan zaman kaɗai, ko da kuɗin da ya fara da su 10,000 ne. A ƙwallo dole ya jira a tashi wasa. A nan babu jira, babu ranar hutu, ƙarfe uku na dare ma jirgi yana tashi. Haka ƙwallon kwamfuta da ake bugawa duk bayan 'yan mintoci: babu 'yan wasa, babu koci, babu wani sanin ƙwallo da zai yi amfani, na'ura ce take fitar da sakamako.

Za ki iya jin ya ce yana da dabara, in ya faɗi sai ya ninka. Lissafa masa a takarda: 500, 1,000, 2,000, 4,000, 8,000, 16,000, 32,000, 64,000. Faɗuwa takwas a jere ta cinye naira 127,500, duk don neman ribar 500. A wasan jirgi, ga mai jiran kuɗinsa su ninka biyu, faɗuwa takwas a jere tana zuwa kusan sau ɗaya cikin jeri 200, abin da mai bugawa kullum zai tarar ba da daɗewa ba. A daren da ta zo ne ake buɗe manhajar bashi. Masu sayar da "tabbataccen wasa" a Telegram da WhatsApp kuma nasu ya fi sauƙi: su tura wa mutum 900 saƙo, 300 a ce masu gida za su ci, 300 baƙi, 300 canjaras. Dole kashi ɗaya ya dace. A sake raba waɗannan 300 gida uku, a sake raba 100 da suka rage. Mutum talatin da 'yan kai sun ga an canka sau uku a jere, su ne za su biya kuɗin shiga rukuni na musamman.

Wannan ya kawo mu ga naira 500 ta ranar Asabar. Kamfanonin suna rubuta "a yi caca da hankali" a ƙasan tallansu, kuma akwai ƙa'idojin da ake faɗa wa wanda bai kamu ba a ƙasashen da caca ta halatta: ya yanke abin da zai iya rasawa kafin ya fara, kada ya ci bashi, kada ya bi asara, ya saka iyakar kuɗi da ta lokaci a asusunsa. Ƙanenki ya riga ya karya kowace ɗaya daga cikinsu. Ga wanda ya kai matakinsa, ƙaramar caca ita ce ƙofar babba, domin 500 ɗin tana riƙe asusun a buɗe, tana riƙe idonsa a kan od duk mako. In ya faɗi zai so ya fanshe, in ya ci kuma ya fi muni, don ya samu shaidar cewa dabararsa tana aiki. Ta fuskar addini ma, ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida ba su ware kaɗan daga mai yawa ba. Amsar ita ce a'a, ko naira ɗaya.

To me ya sa biyan bashin bai yi aiki ba? Saboda bashin shi ne abu ɗaya da yake taka masa birki. Ranar da kika biya, manhajojin suka ga ya biya a kan lokaci suka ɗaga masa adadin da zai iya ci, albashinsa ya kuɓuta, zuciyarsa ta koyi cewa in ruwa ya kai wuya Yaya tana nan. Rantsuwar kuma da gaske ya yi ta a lokacin, ba lallai yaudararki ya yi ba. Matsalar ita ce niyya tana da ƙarfi da rana a gabanki, ba ta da shi ƙarfe ɗaya na dare in alat ɗin albashi ya shigo. Don haka aikin da ke gabanku shi ne a raba hannunsa da kuɗi, ta yadda ko sha'awar ta taso babu abin sakawa.

Ku fara da takardar bayanan asusu. Ya nemo ta wata shida daga kowane banki da kowace manhajar kuɗi da yake da ita, OPay, PalmPay, Moniepoint, Kuda, duk wadda ya taɓa buɗewa. Ku zauna da biro, a ja layi ƙarƙashin duk kuɗin da ya tafi kamfanin caca, a tara. A tara wanda ya dawo daga can daban. Ki bar shi ya yi tarawar da hannunsa. Mai caca yana tuna ranar da ya ci dubu tamanin har da rigar da ya saka, amma bai taɓa haɗa dubu bibbiyun da suka fita sau ɗari ba. Wannan takardar kuma ita za ta nuna miki asusun da bai faɗa ba, don za ki ga yana tura wa kansa kuɗi zuwa wani wuri. Ki lura da yawan turawa ga mai POS ɗaya ko aboki ɗaya, ta nan ake zagayawa.

Daga nan albashi. Ranar da ya shigo, a ranar zai bar hannunsa, ko dai ta umarnin dindindin da zai ba banki na a tura shi wani asusu, ko ya turo a gabanki. Wanda zai riƙe ya zama mutum ɗaya da aka amince da shi, ke ko wani babba a gida, da littafin da ake rubuta shige da fice don kada gobe a ce an ci masa kuɗi. Kuɗin haya, abinci da biyan bashi su tafi kai tsaye inda za su je. Shi kuma a riƙa ba shi na mota da na abincin rana a hannu, tsaba, na kwana ɗaya ko biyu, ba na mako ba. Katin ATM ya dawo wurin mai riƙon. A goge manhajojin banki daga wayarsa, a je banki a rage iyakar abin da zai iya turawa a rana zuwa mafi ƙanƙanta, a kuma rufe tura kuɗi ta lambobin da ake dannawa a waya, domin mutane da yawa suna sauya masa waya zuwa ƙarama mai tocila su manta cewa da ita ma ana tura kuɗi. Duk wannan sai da yardarsa, baligi ne, ba a ƙwace wa mutum albashi da ƙarfi. Amma ke ma kina da naki sharaɗin: babu wannan tsari, babu taimakonki.

Asusun cacar kuwa goge manhaja ba ya rufe shi, minti biyu ya isa a sake sauko da ita. Akasarin kamfanonin da ke da lasisi suna da wurin da mutum zai haramta wa kansa shiga, an rubuta shi da Turanci "Self-Exclusion", galibi a ƙarƙashin "Responsible Gaming". A fara cire ragowar kuɗin da ke ciki, sannan a zaɓi wa'adi mafi tsawo da suka bayar, ko na har abada in akwai. In ba a ga wurin ba, ya aika musu da imel daga adireshin da ya yi rajista da shi, ya ce yana da matsalar caca, a rufe asusun kuma a daina turo masa talla, a ajiye hoton saƙon. Kalmar "matsalar caca" tana da muhimmanci, don in ya ce kawai a rufe, sau da yawa ana iya sake buɗewa da saƙo ɗaya. Kada ki ɗauka rufewa a Bet9ja ta shafi SportyBet ko BetKing ko 1xBet, kowanne sai an bi shi daban, har wanda ya ce ya daɗe bai shiga ba. Bayan haka a saka manhajar toshe shafukan caca. BetBlocker kyauta ce, Gamban ta kuɗi ce. Ya fita daga duk rukunin masu ba da wasa, ya goge manhajojin duba sakamako kai tsaye.

Kada ki ɗora wa waɗannan abin da ba za su iya ba. Wanda ya ƙudura zai ari wayar aboki, ko ya ba wani kuɗi ya buga masa, ko ya shiga shago. Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a Kano a 2024, a shekarar ce kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da hurumin dokar caca ba gwamnatin tarayya ba, amma shagon da ke cikin aljihu babu wanda ya rufe shi. Amfanin toshewa shi ne ta sa tazara tsakanin sha'awa da aikatawa. Sha'awar caca tana tasowa ta yi ƙarfi ta sauka, galibi cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. In caca tana buƙatar ya tashi ya fita ya nemo kuɗi ya roƙi wani, sau da yawa kafin ya gama ta sauka.

Sai bashin kansa. A rubuta duka a takarda ɗaya: wa ake bi, nawa aka karɓa, nawa suke nema yanzu, yaushe wa'adi. Ki sa a ranki cewa jerin farko bai cika ba, kusan kullum akwai wanda kunya ta hana a faɗa, don haka ki sake tambaya bayan kwana biyu ba tare da faɗa ba. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci: akwai kuɗin wurin aiki, ko ajiyar wani, ko na adashi a ciki? Wannan shi ne na farko a biya, domin cin amana laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma yana iya cin aikinsa. In za ki sa kuɗinki a wani wuri, nan ne, ki miƙa wa mai kuɗin da hannunki, a rubuta cewa rance ne da za a riƙa cira daga albashi.

Bashin manhaja kuwa, duk da hayaniyarsa, shi ne mai ƙaramin haƙori. Makaminsu kunya ce, kuma sun riga sun harba shi. Ku tura wa dangi saƙo ɗaya gajere cewa an san da maganar, ana warware ta, kada kowa ya amsa musu kuma kada kowa ya ba shi rance. A shiga saitin waya a cire musu izinin ganin lambobi da hotuna da saƙonni. A ɗauki hoton duk wata barazana da ɓata suna a kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ita ce take sa ido a kan masu ba da bashi ta manhaja, kuma tura wa mutanen da ba su ci bashi ba saƙon tozarci ya saɓa wa ƙa'idarta. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi kawai, don haka saƙon "za mu turo a kama ka gobe" yawanci iska ne. Wannan ba ya nufin ba za a biya ba. A rubuta musu cewa za a biya uwar kuɗi kashi-kashi, a nemi su yafe tarar jinkiri, a biya ta asusun kamfani ba na wani ma'aikaci ba, daga albashinsa. Abin da ba za a yi ba ko ana ha-maza-ha-mata shi ne cin sabon bashi don biyan tsoho. Biyan da zai ɗauke shi wata takwas yana ji a jikinsa yana cikin maganin.

Asibiti akwai. Sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Jami'ar Jos, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, duk wuraren da za a fara ne. Ba kwantar da shi za a yi ba sai in akwai haɗarin ya cutar da kansa. Kati zai yanka ya ga likita kamar kowane mara lafiya. Ki raka shi zuwan farko da takardun asusun nan, ku faɗi kalmar caca ƙarara, don da yawa suna zuwa su ce rashin barci ne ko yawan tunani a ba su magani su dawo. Likita zai duba baƙin ciki mai tsanani, fargaba, da shaye-shaye, saboda sau da yawa tare suke tafiya, kuma in ba a magance su ba cacar tana dawowa.

Babban maganin zama ne da masanin halayyar ɗan'adam, mako-mako na 'yan watanni, ku nemi a haɗa ku da shi. Ba nasiha ake yi a wurin ba. Ana bin tunanin da ke kai shi ga caca ɗaya bayan ɗaya ana gwada shi da lissafi, ana gano lokutan da abin ya fi taso masa, ana shirya abin da zai yi a madadin. Ga masu cacar ƙwallo lokutan sanannu ne: ranar albashi, yammacin Asabar da Lahadi, daren Talata da Laraba na gasar zakarun Turai, da duk ranar da aka ɓata masa rai. Shawarar da ba ya son ji ita ce ya huta da gidan kallon ƙwallo na wasu watanni, domin a can kowa waya a hannu yake yana duba tikiti, allunan gefen fili ma tallan caca ne. In zai buga ƙwallon da ƙafarsa a filin unguwa, wannan alheri ne. Awannin da caca take cinyewa dole a cika su da wani abu takamaimai mai lokaci da mutane, islamiyyar dare, koyon sana'a, zaman shagon wani ɗan'uwa, amma ba a kan aljihun kuɗi ba.

Ƙwayar magani ba ita ce kan gaba ba. Akwai naltrexone da bincike ya nuna tana rage wa wasu ƙarfin sha'awar, likita ne kaɗai zai rubuta ta bayan gwajin hanta. Ga gargaɗi: wanda yake shan tramadol ko kodin a ɓoye, in ya sha ta za ta jefa shi cikin mummunan ciwon yankewar ƙwaya nan take, don haka dole ya faɗa wa likita gaskiya. Gidan mari kuwa kada a fara. Abin da aka gani a gidajen da 'yan sanda suka buɗe a Kaduna da Katsina a 2019 ya isa, kuma sarƙa ba ta koya wa mutum yadda zai riƙe albashi ranar da aka sake shi.

Ki shirya wa cewa zai iya zamewa. Da yawa daga waɗanda suka rabu da caca sun koma sau ɗaya ko fiye kafin su tsaya. Abin da yake mayar da zamewar naira 2,000 ta zama ta 200,000 shi ne ɓoyewa, sai ya ce bari ya fanshe kafin a gane. Ku yi yarjejeniya tun yanzu: in ya faɗa da bakinsa cikin kwana ɗaya, babu zagi babu tara masa jama'a, za a duba ta ina kuɗin suka fito a toshe wurin, a gaya wa likita. In kuwa ke kika gano, tsarin riƙon kuɗi ya koma farko. Ki kuma sa ido kan caca mai sauya riga. Wanda ya bar ƙwallo ya koma "tiredin" na kirifto da dare, ko ya zuba kuɗi a tsarin da ake ninka wa mutum cikin wata guda irin MMM da CBEX da suka rushe da kuɗin jama'a, bai daina komai ba.

Ke ma ki tsare kanki. Ki sauya lambobin sirrinki, kada ki ba shi wayarki ko ta Mama ya "duba wani abu", kada ki ba da BVN ko NIN ɗinki, kada ki tsaya masa a kowane rance. Sarƙoƙi, 'yan kunne da takardun fili su bar inda ya sani. Wannan ba zargin sata ba ne, kuma gara a faɗa masa an yi hakan da a yi a ɓoye. Ki daina ɗaukar nauyin nan ke kaɗai: Baba ko wani kawu da yake jin nauyinsa ya sani, don asirin da kike rufa masa shekara biyu cacar ya fi yi wa amfani. In ya ƙi duk abin da aka lissafa, ba za ki iya tilasta shi ba. Abinci da wurin kwana da rakiya asibiti suna nan duk ranar da ya so, kuɗi ne babu, kuma ki faɗa masa haka cikin sanyin murya sau ɗaya, ba kullum ba.

In ya yarda, kada a yi saurin mayar masa da kuɗinsa don ya yi wata ɗaya lafiya. Bayan wata uku babu caca, takardun banki sun tabbatar, a mayar da kuɗin kashewa na mako-mako. Bayan wata shida a bar masa wani kaso na albashi a asusun da kike ganin alat ɗinsa. Katin ATM da manhajar banki su ne na ƙarshe, bayan shekara, toshewar shafukan caca kuma ta zauna ko bayan nan. In maganar aure ta taso a tsakani, kuɗin lefe da sadaki kada su bi ta hannunsa, kuma waliyyin yarinyar yana da haƙƙin ya san halin da ake ciki kafin a sa rana.